BABI NA TARA: JURIYA DA GANGANCI A TSEREN KEKEN TSAUNI NA DOGON ZANGO

9.0 Gabatarwa

Juriya tana daga cikin halayen da kowace al'umma take yaba wa mai su. Bahaushe yana girmama manomin da ya ƙarasa kunyarsa cikin zafin rana, da ɗan damben da ya sha bugu bai ja da baya ba, da matafiyin da ya kai zango duk da ƙaya a ƙafa. Sai dai kuma Bahaushen nan shi ne ya ce "jiki magayi", wato jiki yana da bakin da yake faɗa wa mai shi gaskiya. A wannan babi za a yi nazarin inda waɗannan ra'ayoyi biyu suke karo da juna, ta hanyar duba wani wasa da ya bunƙasa a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu, wato tseren keken tsauni na dogon zango. An zaɓi wannan wasa ne domin a cikinsa babu wanda yake tilasta wa wani ya ci gaba bayan ya ji rauni. Mahayi shi kaɗai yake yanke wa kansa hukunci, sau da yawa a tsakiyar daji, cikin dare, babu likita a kusa. Tambayar da babin zai amsa ita ce: a ina juriya take tsayawa, a ina kuma ganganci yake farawa?

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambanta ma'anonin kalmomin juriya da haƙuri da jimiri da ganganci;
(b) bayyana yadda ake gudanar da tseren keken tsauni na dogon zango;
(c) kawo dalilan da suke sa mai rauni ya iya ci gaba da tsere;
(d) rarrabe raunin da ake iya jurewa da wanda ya wajabta tsayawa.

9.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar juriya ta samo asali daga aikatau "jure", kamar yadda dauriya ta fito daga "daure". Idan aka bi rabon azuzuwan aikatau na Hausa da F. W. Parsons ya yi a 1960, waɗannan aikatau biyu suna cikin aji na huɗu, wanda yake ƙarewa da wasalin -e, kuma sau da yawa yake nuna cikar aiki ko kaiwarsa maƙura. Abin lura a nan shi ne, yawancin aikatau masu bayyana rauni su ma a wannan aji suke: karye, goce, tsage, ƙuje, yanke, suƙe. Ke nan a harshen Hausa, raunin da abin da ake tarar sa da shi siffa ɗaya suke ɗauka.

Haƙuri ya fi juriya faɗi, domin ya ƙunshi danne zuciya a kan abin da ya sami mutum, ko na jiki ko na rai. Juriya ta fi karkata ga ɗaukar wahala ba tare da an saki abin da ake yi ba. Jimiri kuwa shi ne daɗewa a kan aiki mai wuya har a ga ƙarshensa. A ɗaya gefen akwai kasada, wato shiga abin da ake sane da haɗarinsa saboda ribar da ake hange, sannan akwai ganganci, wanda shi ne kasadar da babu lissafi a cikinta. A nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da hankali a cikin halaye goma da ake auna mutum da su. Zuwan su biyun a jeri guda yana nuna cewa haƙurin da Bahaushe yake yabo shi ne wanda hankali yake riƙe da linzaminsa.

9.3 Tseren Keken Tsauni

Keken tsauni keke ne mai kaurin taya da giya masu yawa da birki mai ƙarfi, wanda aka ƙera domin bin hanyoyin duwatsu da kwazazzabai da dazuzzuka. Wasan ya faro ne a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka, inda matasa suka riƙa gangarowa daga kan tuddai da tsofaffin kekuna. An yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a garin Durango a 1990, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Tseren Olamfik bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba. Na dogon zango kuwa iri-iri ne, ga kaɗan daga ciki:

(a) Tseren yini guda, kamar na Leadville a jihar Kolorado, wanda aka fara a 1994. Tsawonsa ya kai kilomita 160, kuma mafi yawansa a kan tudun da ya kai mita 3,000 ko fiye daga doron teku ake yin sa, inda iska take ƙaranci a huhu.

(b) Tseren awa 24, inda mahayi yake zagaya da'ira ɗaya dare da rana. Wanda ya fi yawan zagaye shi ne gwani.

(c) Tseren zango-zango, kamar Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004. Ana yin sa cikin kwana 8, mutum biyu-biyu, kuma doka ba ta yarda abokan tafiya su yi wa juna ratar da ta wuce minti 2 ba.

(d) Tseren dogaro da kai, kamar Tour Divide, wanda yake tashi daga Banff a Kanada ya ƙare a kan iyakar Amurka da Meziko, tafiyar fiye da kilomita 4,300. A nan mahayi shi yake ɗaukar abincinsa da shimfiɗarsa, shi yake gyaran kekensa, kuma agogo ba ya tsayawa ko yana barci.

A irin waɗannan tsere faɗuwa ba baƙon abu ba ce. Idan tayar gaba ta daki dutse, mahayi yakan wuntsila ta kan keke, ya miƙa hannu domin ya tare ƙasa. Nauyin faɗuwar sai ya bi ta hannu ya sauka a kan ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, shi ya sa karayar wannan ƙashi take cikin waɗanda suka fi yawa a tsakanin mahaya keke. Bayan ita akwai karayar wuyan hannu da ta haƙarƙari, da gocewar kafaɗa ko yatsa, da buguwar kai.

9.4 Abin da Yake Sa Mai Rauni Ya Ci Gaba

Dalili na farko daga jiki yake. Idan mutum ya shiga halin firgici ko gasa, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, irin su adirenalin da endofin, waɗanda suke dusashe raɗaɗi na ɗan lokaci. Wani likitan Amurka mai suna Henry Beecher ya ba da rahoto a 1946 cewa da yawa daga cikin sojojin da suka sami munanan raunuka a Yaƙin Duniya na Biyu ba su nemi maganin ciwo ba a sa'o'in farko. Wannan yana nuna cewa yawan zafin da mutum yake ji ba kullum yake daidai da girman ɓarnar da ta auku a jikinsa ba. Mahayin da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau yana iya kasancewa gaskiyar abin da yake ji ya faɗa, alhali kuwa ƙashinsa a tsage yake.

Dalili na biyu daga zuciya yake. Wanda ya shafe watanni yana atisaye, ya kashe kuɗi mai yawa, ya kuma cinye kashi biyu cikin uku na hanya, yana ganin tsayawa asarar dukkan abin da ya wuce ce. Hausawa sun ce "sa kai ya fi bauta ciwo", domin wanda ya ɗora wa kansa kaya ba shi da wanda zai roƙa ya sauke masa. A tsere irin Cape Epic kuma akwai kunyar abokin tafiya, tun da janyewar ɗaya tana fitar da su biyun daga jerin masu neman kambu.

Dalili na uku shi ne gajiya da rashin barci. Mutumin da ya kwana biyu yana barcin awa uku-uku tunaninsa ba ya kaifi. Wato abin da ya kamata ya auna girman raunin, shi ma ya raunana.

9.5 Misalai Daga Fagen Tsere

9.5.1 Raunin da Aka Jure

Rebecca Rusch, 'yar Amurka, ta lashe gasar duniya ta awa 24 sau uku a jere daga 2007 zuwa 2009, ta kuma lashe tseren Leadville sau huɗu daga 2009 zuwa 2012. A watan Afrilu na 2013, tana da shekara 44, ta fita ita kaɗai domin kafa tarihi a kan hanyar Kokopelli, mai tsawon kusan kilomita 230, wadda ta haɗa garin Moab na jihar Yuta da yammacin Kolorado. Da tsakar dare ta tashi. Ba ta yi nisa ba ta faɗi cikin duhu, ɗan yatsanta ya goce. Ta kama shi ta mayar da kanta, ta hau ta ci gaba. Kafin gari ya waye fitilarta ta mutu, duk da haka ta kai ƙarshen hanyar cikin awa 13 da minti 32, abin da babu macen da ta taɓa yi kafin ita.

Idan aka duba wannan rauni da kyau za a ga yana da siffofi uku. Yana waje guda, mai shi tana ganinsa da idonta, kuma bai taɓa hankalinta ko numfashinta ba. Iyakar abin da ya rage mata ta tantance shi ne ko hannun zai iya riƙe keke ya kuma matsa birki. Da ta ga zai iya, sai ta ɗauki zafin a matsayin kuɗin da za ta biya. Wannan kasada ce, amma mai lissafi.

A tseren kan titi ma akwai makamancin haka. A gasar zagaya Italiya ta 1956, Fiorenzo Magni ya karye a ƙashin gaban kafaɗarsa ta hagu. Da ya kasa jan kan keke da hannu a wurin hawan tudu, sai aka ɗaura masa guntun robar cikin taya a kan keken, ya riƙa cizon ɗaya bakin yana ja da haƙora. Ya sake faɗuwa ya karye a damtse, amma ya ƙare a matsayi na biyu. Har yau ana ba da labarinsa a Italiya. Sai dai ya kamata a lura cewa faɗuwarsa ta biyu ta zo ne a lokacin da hannu ɗaya kawai yake da cikakken iko da keken. Rauni yakan haifi rauni.

9.5.2 Raunin da Ba a Gani

A 2006 aka yi gasar duniya ta awa 24 a garin Conyers na jihar Jojiya. Chris Eatough, wanda ya riƙe kambun shekara shida a jere, ya gamu da wani ɗan Ostareliya mai suna Craig Gordon. Gordon ya matsa lamba dare da rana har ya ba da ratar da ba za a iya cikewa ba. A zagayen ƙarshe ƙafafunsa suka ƙi motsi, sai ɗauko shi aka yi daga kan hanya. Shi ya lashe gasar, amma asibiti aka wuce da shi, inda ya yi kwanaki ana yi masa wankin ƙoda.

Abin da ya same shi likitoci suna kiran sa narkewar tsoka. Idan aka wahalar da tsoka fiye da ƙima, ƙwayoyinta sukan farfashe, su zubar da wani sinadari mai suna mayogulobin cikin jini. Ƙoda ce take tace jini, kuma idan sinadarin ya yi yawa, ga ƙarancin ruwa a jiki, sai ya toshe ƙananan hanyoyinta. Alamominsa su ne ciwon tsoka mai tsanani da kumburi da rashin ƙarfi, da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi. Gordon bai faɗi ba, bai karye ba, bai zubar da jini ba. Haɗarin da ya shiga ya fi na Rusch nesa ba kusa ba, amma a idon mai kallo, da ma shi kansa, ciwon ya yi kama da gajiyar da kowa yake ji a awa ta 20.

9.5.3 Raunin da Yake Taɓa Alƙali

Mafi wuyar sha'ani shi ne buguwar kai, wadda take girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙonta. Hular kwano tana rage haɗarin fashewar kai, amma ba ta hana wannan girgiza gaba ɗaya. Ba lallai ne mutum ya suma ba. Alamomin sun haɗa da jiri da ruɗewa da amai da ciwon kai da gani dishi-dishi da manta abin da ya faru. Matsalar ita ce, ƙwaƙwalwa ita ce alƙalin da zai yanke hukuncin a tsaya ko a ci gaba, ga shi kuma ita ce ta ji raunin. Bugu da ƙari, mai jiri ya fi kowa kusa da sake faɗuwa, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya yin kisa.

A gasar zagaya Faransa ta 2020, Romain Bardet ya faɗi ya bugu a ka, ya miƙe yana tangaɗi, aka taimaka masa ya hau, ya tuƙa fiye da kilomita 80 har ƙarshen zango. Da yamma aka tabbatar da girgizar ƙwaƙwalwa, ya fita daga gasar. Daga kakar 2021 hukumar UCI ta fara aiki da ƙa'idar da ta ce a duba duk mahayin da ake zargin ya bugu a ka, a kuma cire shi idan alamun sun bayyana, ko da shi bai so ba. Wato an karɓe hukuncin daga hannun mai rauni.

Ita ma Rebecca Rusch ta gamu da wannan. A watan Nuwamba na 2021 ta faɗi a wata tafiyar keke a jihar Arizona, ta bugu a ka. Ta fitar da kanta daga dajin kamar yadda ta saba, amma daga baya ta bayyana wa duniya cewa ta shafe fiye da shekara tana fama da ciwon kai da gajiya da damuwa. Halin nan na cijewa da ya kai ta ga nasara a 2013 bai yi mata amfani a wannan karo ba, domin ƙwaƙwalwa hutu da kulawar likita take bukata.

9.6 Rabe-Raben Ciwo

Daga misalan da suka gabata ana iya kasa ciwon da mahayi yake ji gida uku:

(a) Ciwon aiki: gajiya da nauyin ƙafafu da zafin sirdi da ƙananan ƙujewa. Wannan yakan lafa idan an rage gudu, an ci abinci, an sha ruwa. Shi ne ainihin fagen juriya da jimiri.

(b) Raunin da yake bukatar lissafi: targaɗe, ko gocewar yatsa, ko yankan da jininsa ya tsaya. A nan mahayi zai tambayi kansa ko zai iya riƙe keke da matsa birki, ko ciwon ƙaruwa yake yi, da kuma nisan da ke tsakaninsa da taimako.

(c) Raunin da ya wajabta tsayawa: duk wata buguwar kai mai alama, ciwon wuya ko gadon baya tare da mutuwar hannu ko ƙafa, wahalar numfashi bayan buguwar ƙirji, ciwon ciki bayan faɗuwa, jinin da ya ƙi tsayawa, baƙin fitsari, da ruɗewa cikin tsananin zafi.

Abin da ya raba kaso na biyu da na uku ba yawan raɗaɗi ba ne. Gocewar yatsa tana iya fin buguwar kai zogi a lokacin da abin ya faru. Ma'aunin shi ne wurin da raunin yake da kuma abin da za a rasa idan ya ƙaru.

9.7 Matsayin Magungunan Kashe Ciwo

Tun da ciwo saƙo ne, shan magani domin a ci gaba da tsere kamar toshe bakin ɗan aike ne. Magunguna irin su ibuprofen suna ƙara wa ƙoda nauyi a jikin da ya rasa ruwa. Tramadol kuwa yana kawo jiri da gyangyaɗi, abin da yake da haɗari ga wanda yake gangarowa daga kan dutse. Saboda haka UCI ta haramta shi a lokacin gasa tun watan Maris na 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ita ma ta bi sahu daga Janairun 2024. Wannan batu bai tsaya ga 'yan tsere ba, domin a ƙasar Hausa ma an san yadda wasu masu aikin ƙarfi suke shan wannan ƙwaya don kada su ji gajiya, su wayi gari sun kasa rabuwa da ita.

9.8 Kammalawa

An ga cewa mai rauni yana iya ci gaba da tsere saboda sinadaran jiki da ƙarfin zuciya, kuma an ga cewa iyawar ba hujja ba ce ta dacewa. Rusch ta jure gocewar yatsa ta kafa tarihi. Gordon ya jure abin da bai san girmansa ba, ya sami kambu, ya kwana a kan injin wankin ƙoda. Bardet ya kai ƙarshen zango da ƙwaƙwalwar da ba ta cikin halin yanke hukunci. Dukkansu jarumai ne, amma juriyar da ta cancanci a yi koyi da ita ita ce wadda take tafiya da sanin irin ciwon da ake jurewa. Mahayin da ya sauka daga keke saboda ya ga alamar haɗari bai fita daga sahun masu juriya ba, domin Hausawa sun ce "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne", kuma "in da rai da rabo".

9.9 Tambayoyi

1. Bambanta juriya da jimiri da kasada da ganganci, tare da sanya kowace kalma a cikin jimla.
2. Kawo aikatau biyar na aji na huɗu masu bayyana rauni waɗanda ba a ambata a wannan babi ba.
3. Me ya sa aka kira ƙwaƙwalwa alƙali a sashe na 9.5.3?
4. Kwatanta abin da ya sami Rebecca Rusch a 2013 da wanda ya sami Craig Gordon a 2006.
5. Kawo karin magana uku masu yabon juriya da uku masu gargaɗi a kan ganganci, sannan a bayyana yadda za a daidaita tsakaninsu.
6. Rubuta insha'i na shafi biyu a kan yadda 'yan dambe ko 'yan kokawa na gargajiya suke ɗaukar rauni, ta yin amfani da rabe-raben da ke sashe na 9.6.